Jami'a a Bakin Gona: Tarihin Binciken Ilmi a Karkarar Kano

Idan aka tashi auna darajar jami'a, abin da aka fi kawowa shi ne yawan ɗalibanta, da girman gine-ginenta, da adadin waɗanda ta yaye. Duk waɗannan abin dubawa ne. Amma akwai wani ma'auni da ya fi su nauyi, watau ko jami'ar ta gano wata gaskiya game da ƙasar da aka kafa ta a cikinta, wadda a da ba a sani ba, ko kuwa aka fahimce ta a karkace. Bisa wannan ma'auni, ɗaya daga cikin manyan nasarorin jami'o'in Arewacin Nijeriya shi ne binciken da malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na Jami'ar Bayero ta Kano suka yi shekara da shekaru a gonakin da ke kewaye da birnin Kano, musamman ta wajen arewa da gabas. Wannan bincike ya sauya ra'ayin masana na ƙasashe da yawa game da ƙaramin manomi, kuma akwai darasi a cikinsa ga ɗalibi da ma'aikacin gwamnati baki ɗaya.

Ƙasar da Ake Magana a Kanta

Duk wanda ya fita daga Kano ya nufi Ungogo ko Minjibir ko Gezawa ko Dawakin Tofa ko Bichi zai lura da abu guda, watau babu daji. Gona na manne da gona, gidaje a warwatse tsakanin gonakin, ga kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo a tsaitsaye ko'ina. Bahaushe yana kiran irin wannan ƙasa karkara, ma'ana ƙasar da jama'a suka zaune ta, ake nomanta kowace shekara ba tare da an bar ta ta zama saura ba.

Wannan hali ba sabo ba ne. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano daga Katsina a 1851, ya yaba da yawan jama'ar ƙasar da albarkar gonakinta. Birnin yana bukatar hatsi da itace da auduga da baba domin masaƙa da marina, ƙauyuka kuwa suna bukatar kasuwa da taki, saboda haka kowanne ya dogara da ɗan'uwansa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa sun sa rai cewa auduga za a riƙa aika musu. Manoma da fatake suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi ana cinta idan abinci ya yi wuya, ga harawarta ga dabbobi. Tun daga 1912 gyaɗa ta mamaye ciniki. Wannan ya isa ya nuna wa mai lura cewa manomin Kano mai lissafi ne, amma an daɗe kafin masana su ɗauki darasin.

Zaton Masana Kafin Bincike

Ra'ayin da ya fi rinjaye a wancan zamani ya samo asali ne daga wani Baturen Ingila, Thomas Malthus, wanda ya rubuta a 1798 cewa jama'a sun fi abinci saurin ƙaruwa, don haka ƙarshen yawan jama'a yunwa. Da aka kawo wannan ra'ayi ƙasashe masu ƙarancin ruwa, sai aka ƙara masa cewa yawan jama'a yana hana gona hutu, rashin hutu yana kashe ƙasa, neman itacen girki yana ƙarar da itatuwa, daga nan sai hamada. A 1935 wani masanin gandun daji mai suna E. P. Stebbing ya yi gargaɗi cewa Sahara tana gangarowa kan Arewacin Nijeriya. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa da ta zagaya kan iyaka a 1936 zuwa 1937 ba ta sami shaidar da ta tabbatar da maganarsa ba, amma maganar ta riga ta zauna a zukatan ma'aikata.

In da wannan zato gaskiya ne a ko'ina, da karkarar Kano ce za ta fara lalacewa, gama da wuya a sami ƙasar noma mai ƙarancin ruwa a Afirka da ta kai ta cunkoso. Ke nan ita ce wurin da ya fi dacewa a jarraba zaton. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai je ya auna.

Binciken Ungogo

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962. A cikin malamanta na farko a Sashen Labarin Ƙasa akwai wani saurayi Bature, Michael Mortimore. A lokacin hukumar tsara birnin Kano da kewayensa tana shirya tsarin bunƙasa birnin na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, tana kuwa bukatar sanin halin da ƙauyukan gefen birni suke ciki. Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson suka shiga gundumar Ungogo a 1964, suka auna gonaki, suka ƙidaya mutanen gidaje da dabbobinsu, suka tambayi yadda kowace gona ta zo hannun mai ita, ko ta gado, ko saye, ko jingina, ko aro. A 1965 aka buga rahotonsu mai suna Land and People in the Kano Close-Settled Zone, shi ne kuma na farko a jerin takardun binciken da sashen ya riƙa fitarwa. Daga wannan aiki ne sunan da masana ke kiran yankin da shi ya bazu, watau yankin Kano mai cunkoson jama'a, wanda aka shata iyakarsa da wuraren da ke da mutum kimanin 140 ko fiye a kowace murabba'in kilomita.

Abin da suka tarar ya saɓa wa zato. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana nomansa kowace damina, amma ƙasar ba ta mutu ba. Dalili kuwa shi ne manomi ya maye gurbin hutun gona da wahalar jikinsa. Da damina tumaki da awaki suna turke a gida, ana yanko musu ciyawa. Da kaka ana kwashe kara da harawa a adana. Da rani ana kwashe kashin dabbobi da toka da sharar gida a kai gona a mangala, a zuba tsibi-tsibi. Jakunan da suka shiga birni da itace ko hatsi ba sa komowa haka nan, sai an ɗoro musu takin bola. Ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, kowanne da lokacin nunarsa. Kowace bishiya da ke gona tana da mai ita, ana sassabe rassanta, ba a kayar da ita sai da dalili. Bugu da ƙari, kusan kowane magidanci yana da sana'ar rani, ko saƙa, ko ɗinki, ko fatauci, ko ƙodago a birni, kuma da kuɗin sana'ar yake sayen taki da dabba.

A wannan shekara ta 1965 ne wata masaniyar tattalin arziki 'yar ƙasar Danmak, Ester Boserup, ta fitar da littafinta inda ta juya maganar Malthus, ta ce yawan jama'a shi ne ke tilasta wa manoma su ƙara kula da gona su kuma ƙago sababbin dabaru. Ita ta kawo hujja ta tunani da kwatance. Gonakin Ungogo kuwa suka zama shaida ta ido.

Haka nan a Samaru, Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda ta faro a matsayin tashar gwaji a 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta kafa wani rukuni na nazarin tattalin arzikin ƙauye a ƙarƙashin David Norman. Ko da yake a ƙauyukan Zariya suka fara aiki, irin su Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, sakamakonsu ya shafi Kano kai tsaye. Malaman gona sun daɗe suna horon manoma da su daina cakuɗa amfani iri-iri a gona ɗaya. Da aka auna, sai aka ga cakuɗawar ta fi ba da riba a kan kowace eka, ta kuma fi kare gida daga asara idan damina ta yi gardama. Ashe abin da ake kira jahilci lissafi ne.

Fari da Maganar Itatuwa

Mai shakka yana iya cewa an yi binciken Ungogo ne a shekarun da ruwa ya wadata. Jarrabawa ta gaskiya ta zo da farin 1972 zuwa 1974. A 1973 ruwan da aka samu a Kano bai wuce kusan rabin abin da aka saba ba. A 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta halaka amfanin shekarar, dalar gyaɗa ta kama hanyar zama tarihi. Wani farin ya sake aukuwa a 1983 da 1984. A tsakanin waɗannan masifu aka yi babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan hamada a Nairobi a 1977, maganar Stebbing ta dawo da sabon ƙarfi.

A daidai wannan lokaci Kano ta sami jami'arta. Kwalejin da ta faro a 1960 a harabar Makarantar Nazarin Larabci, aka sa mata sunan Abdullahi Bayero a 1962, ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977 a ƙarƙashin Dokta Mahmud Tukur. Mortimore ya koma can a 1979 a matsayin farfesan labarin ƙasa, ya zauna har 1986. Yanzu gonakin da ake nazari suna bayan katangar jami'a, ɗalibai da yawa kuwa 'ya'yan manoman ne.

Babban aikin da sashen ya yi a wannan zango shi ne binciken itacen girki, wanda Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 1990. Malamai shida ne suka yi shi: Reginald Cline-Cole, da J. Afolabi Falola, da H. A. C. Main, da Mortimore, da Janet Nichol, da F. D. O'Reilly. Abin da kowa ya ɗauka shi ne babban birni yana cinye itatuwan da ke kusa da shi tukuna, sa'an nan fili ya yi ta faɗaɗa. Malaman suka ɗauko hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekaru dabam-dabam, suka ƙidaya itatuwa, suka shiga gonaki suka auna kaurinsu, suka kuma bi masu sayar da itace har inda suke sarowa. Suka tarar itatuwan gonakin da ke kusa da birni ba su ragu ba duk da fari, a wasu wurare ma sun ƙaru, akwai kuma ƙanana masu tasowa. Yawancin itacen da birni ke ƙonawa motoci ne ke kawo shi daga dazuzzuka masu nisa. Ma'anar wannan a fili take: inda bishiya ke da mai ita, tana ba shi kalwa ko kuka ko ganyen dabba, ana tsaronta. Inda take ta kowa da kowa, can gatari ya fi ɓarna. Ke nan matsalar tana nan, amma ba a wurin da ake nuna ta ba.

Lissafin Tumbau

Sauran tambaya ita ce ta ƙasar kanta. Gonar da ake girbe ta kowace shekara, daga ina take mayar da abin da amfani ya zuƙe? Kwatanta samfurin ƙasa da aka ɗiba a 1977 da wanda aka ɗiba a 1990 ya nuna cewa ƙarfin ƙasar, ko da yake ba shi da yawa, bai yi wata faɗuwa ta a zo a gani ba. Domin gano dalili, wata mai bincike daga Jami'ar Kambirij, Frances Harris, ta zauna da manoman Tumbau a ƙasar Gezawa a daminar 1993 da ta 1994, tare da haɗin kan malaman Jami'ar Bayero. Aka auna duk abin da ya shiga gona da duk abin da ya fita daga cikinta, kamar yadda akawu ke rubuta shiga da fita a littafin baitulmali.

Sakamakon ya nuna cewa wake da gyaɗa su ne ginshiƙin tsarin. Saiwoyinsu suna jawo sinadarin naitirojin daga iska. Harawarsu ita ce abincin tumaki da awaki mafi kyau, dabbobin kuwa suna mayar da ita taki, takin ya koma gona. Ƙurar hunturu da take sauka kowace shekara ita ma tana ƙara wa ƙasa wasu sinadarai. Ɗan takin zamani da manomi ya iya saye yana cike gibi. Harris da Maharazu Yusuf na Jami'ar Bayero sun buga nazari na musamman a 2001 kan yadda manoman yankin ke sarrafa taki. Tumbau ta kuma zama ɗaya daga cikin ƙauyuka huɗu da Mortimore da William Adams suka kwatanta a littafinsu na 1999, daga mai cunkoso har zuwa mai yalwar fili a arewa maso gabas. Abin da ya fito shi ne, inda mutane suka fi yawa, can aka fi zuba aiki a kowace kadada.

Tasirin wannan bincike bai tsaya a Kano ba. Tambayar da aka fara yi a Ungogo ita ce Mortimore da Mary Tiffen da Francis Gichuki suka kai gundumar Machakos ta Kenya, suka fitar da littafinsu na 1994 wanda ya nuna yadda jama'a suka ninka amma zaizayar ƙasa ta ragu. Daga baya aka kwatanta Kano da Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar a kan wannan batu. Ta haka sunan karkarar Kano ya shiga littattafan da ake koyarwa a jami'o'in duniya.

Inda Masana Suka Saɓa

Kada a ɗauka cewa binciken ya ce komai lafiya lau. Wata masaniya Baturiya, Polly Hill, ta zauna a Ɗorayi, kudu maso yamma da birni, a 1971 zuwa 1972, ta fitar da littafinta a 1977. Ita mutane ta fi dubawa, ba ƙasa ba. Ta tarar gado ya daddatsa gonaki, magidanta da yawa ba su da abin da zai ciyar da su ko rabin shekara, wasu ba su da ko taki ɗaya, masu hali kuwa suna saye daga hannun marasa hali. Sana'o'in da suka riƙe ƙauye a farkon ƙarni, irin su saƙa da fataucin nesa, sun ja baya.

Maganganun nan biyu ba su rushe juna ba. Ƙasa tana iya zama da rai alhali mai ita yana cikin talauci. Tsarin taki yana bukatar dabba, dabba tana bukatar harawa, harawa tana bukatar gona. Wanda ya sayar da akuyarsa domin ya sayi hatsi a bazara ya sayar da takin baɗi ke nan. Haka kuma tsarin yana tsare ƙarfin ƙasa ne a matakin da yake, ba ya ninka amfani yadda jama'a ke ninkuwa. Saɓanin masana a nan alheri ne, domin shi ya hana a mayar da manomin Kano abin tausayi kawai, ko abin yabo kawai.

Abin da Ya Biyo Baya

Sanin cewa manomi yana shuka wake domin ƙwaya da harawa duka biyu ya shafi aikin masu kyautata iri. Tashar da Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa da Ƙasa ta Ibadan ta buɗe a Kano a 1990, mai gonar gwaji a Minjibir, ta mai da hankali ga irin waken da ke ba da duka biyun, aka kuma jarraba shi da manoman Bichi. Cibiyar Samaru ta fitar da ire-iren gyaɗa masu jure wa cutar da ta yi ɓarna a 1975. A 2012 Jami'ar Bayero ta kafa Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa da tallafin Gidauniyar MacArthur, a ƙarƙashin Farfesa Jibrin Mohammed Jibrin, a 2014 kuma aka zaɓe ta cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ke tallafawa. Aikin da baƙi suka fara da tsinken awo da littafin rubutu ya koma hannun 'yan ƙasa. Mortimore ya rasu a 2017.

Sai dai ƙasar da aka yi nazari ita ma ta sauya. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum fiye da miliyan 9. Ungogo, wadda take ƙauye a 1964, yanzu ana lissafa ta cikin ƙananan hukumomi takwas na birnin Kano da kewaye, Ɗorayi kuwa ta zama unguwa. Gonakin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuba musu taki an yanka su filoti. Bolar birni da a da take toka da kashin dabbobi ta cika da leda. Abin da fari bai iya yi wa karkara ba, awon fili yana yi mata.

Kammalawa

Darasi uku ne suka fito daga wannan tarihi. Na farko ya shafi ɗalibi. Abin da ya ba binciken nan daraja shi ne awo da haƙuri: an je gona, an ƙidaya, an rubuta, an kuma koma bayan shekara 20 an sake ƙidayawa. Ba don an auna Ungogo a 1964 ba, da babu abin da za a kwatanta da shi a 1986. Gani ya kori ji, amma gani ɗaya ba ya nuna sauyi.

Na biyu ya shafi ma'aikaci. Shirin da aka gina kan zaton cewa manomi ne ke kashe ƙasarsa zai ƙare a hana shi taɓa bishiyar da shi ya rene ta, ko a tilasta masa shukar da ba ta ba dabbarsa abinci. Wanda ke sa hannu a takardar mallakar fili ko ta raba taki ya kamata ya san cewa gonar karkara dukiya ce da aka tara da hannu, kuma idan aka zuba mata siminti ba ta dawowa.

Na uku ya shafi jami'ar kanta. Kusan duk abin da aka ambata a nan da Turanci aka buga shi, mafi yawansa kuma a ƙasashen waje. Manoman Ungogo da Tumbau da suka buɗe rumbunansu aka auna, suka amsa tambayoyi damina bayan damina, su ne asalin ilmin, amma jikokinsu ba za su iya karanta shi cikin harshensu ba. Jami'ar da talakawa ke ɗaukar nauyinta da harajinsu tana da bashi a wuyanta, kuma hanyar biyansa a bayyane take: a mayar da wannan ilmi cikin Hausa, a kai shi makarantun yankin da ofisoshin ƙananan hukumomi, a kuma sake komawa gonakin da suka rage a auna su tun suna nan.